Yadda Kabo Ɗan Majema Ya Shiga Waƙar Rahamatu

A zamanin da Bature ke riƙe da ƙasa, shekarun da kuɗin gyaɗa suka fara sa samari ɗaga kafaɗa, an yi wani saurayi a Kankiya ana ce da shi Kabo. Ubansa Jaji majemi ne, kakansa ma majemi ne, in kuwa ka bi salsalar gidan har inda tunanin tsofaffi ya tsaya, kartajin kankare fata za ka tarar a hannun kowa. Gidansu yana can bayan gari bakin kududdufi, inda aka ajiye majema tun kaka da kakanni don a tausaya wa hancin jama'a.

Kabo ba rago ba ne, wannan kam sai a faɗa. In fatar akuya ta bi ta hannunsa sai ta fito da laushi kamar kunnen jinjiri. Bakinsa ne kawai Allah bai yi wa linzami ba. Rani ɗaya ya taɓa yi a Kano yana dakon ƙiraga, wato busassun fatun shanu, zuwa wani kanti kusa da tashar jirgi, amma tun da ya dawo ba a ƙara yin hirar da bai jefa Kano a ciki ba. Ko zafin rana ka yi kuka da shi, sai ya ce ai ba ka ga ranar Kano ba.

To, samarin wancan lokaci ba kwando ɗaya aka zuba su ba. Kowane rukuni da adonsa, adon kuma ba zaɓa ake yi ba, gidan da aka haife ka shi ke yanka maka riga. Akwai 'ya'yan sarauta, su Ɗanmaliki jikan hakimi, masu manyan riguna da rawani, waɗanda ke tafiya kamar ƙwai aka shimfiɗa a hanya, ba sa waiwaye, ba sa ɗaga murya. Akwai 'yan boko, su Malam Dawuda da ya gama Midil a Katsina aka ba shi tebur a ofishin En'e. Su nasu gajeren wando ne da safa har gwiwa da takalmi sau-ciki da keke mai ƙararrawa, suna ta duba agogo alhali ba wanda ke jiransu. Samarin Fulani kuwa, irin su Bube na rugar yamma da gari, kitso ne da kwalli da duwatsu a wuya da ɗan madubi a rataye, sai tabon bulalar sharo a haƙarƙari, wanda suka fi so a gani fiye da duk sauran. Samarin gona ma suna da taguwarsu da kambu a damtse da kirarin kokawa. 'Ya'yan majema ne dai aka manta da su ranar rabo. Su sai walki, sai kuma warin da ke riga su isa dandali.

Abin da duk waɗannan samari ke kwana suna tashi da shi kuwa, waƙar Rahamatu ce. Rahamatu ita ce zabiyar 'yan matan Kankiya, wata 'yar siririya mai tallan ƙuli-ƙuli, mai harshe kamar aska. Kowace kaka takan fito da sabuwar waƙa guda, ta sa sunan saurayi guda a ciki. Kafin wata ya zagayo an ɗauke ta har Rimaye da Kafinsoli da Tafashiya, mata na daka da ita, makiyaya na kora awaki da ita. Ɗanmaliki ya shiga, Malam Dawuda ya shiga, Bube ma ya shiga shekarar da aka tsula masa bulala bai ko ƙifta ido ba. Ɗan majema bai taɓa shiga ba, ba ma wanda ya taɓa tunanin zai shiga, sai Kabo. Shi kam abin yana ci masa rai ƙwarai. Duk cika bakin nan da yake yi, a ƙarƙashinsa buri ɗaya ne, yana so sau ɗaya a duniya a kira sunansa a dandali ba tare da wani ya taɓa hanci ba.

Ran nan ya tare ta a bakin kasuwa, ƙawayenta na kewaye da ita, ya tambaye ta wa za ta sa bana. Ta ce wanda Allah ya ciyar. Ya bugi ƙirji ya ce to ga shi tsaye.

Rahamatu ta dube shi daga walki har ƙafa, ta ce, "Kabo, waƙa da abin hwaɗi ake yin ta. Ɗanmaliki na yabi rigarshi, Malam Dawuda na yabi kekenshi, Bube na yabi tsayuwarshi. Kai mi zan ce? Ga mai walki nan tahe, kowa shi kama hancinshi?"

'Yan mata suka kwashe da dariya. Kabo ma ya yi tasa, irin wadda ba ta wuce haƙori, amma maganar ta soke shi har ƙashi. Ya ce ba komai. Ai an gayyaci 'yan matan Kankiya wasan kalankuwa a Kusada ran kasuwa mai zuwa, kuma can za ta fito da waƙar bana, to ta bar gurbin sunan a buɗe. Zai zo mata da shigar da ko a Kano sai an tsaya kallo.

Dabarar da ya ƙulla kuwa, a ganinsa, ba a taɓa yin irinta ba. In riga kaɗai ta sa mutum a waƙa, keke kaɗai ya sa wani, madubi da kwalli suka sa na uku, to ina ga wanda ya haɗa su duka a jiki ɗaya? Ai sai dai Rahamatu ta rasa ta inda za ta fara. Ya shiga rumfar ubansa ya zaɓi jajayen fatu mafi kyau cikin waɗanda ya jeme da hannunsa, ya naɗe su a hammata ya fita aro.

Ya fara da ƙofar gidan hakimi. Ya tarar da Ɗanmaliki a zaure bisa buzu, baransa Ummaru na gefe yana masa fifita. Kabo ya durƙusa ya yi ranka shi daɗe, ya shimfiɗa fatu, ya faɗi buƙatarsa. Tsakaninsa da Ɗanmaliki bai fi taku biyu ba, amma ɗan sarauta ba ya magana da ɗan majema baki da baki. Sai ya karkata ya yi ƙus-ƙus da Ummaru, Ummaru ya juyo ya ce an ce fatun sun yi, za su yi kyau a sirdi. Aka sake ƙus-ƙus. An ce akwai wata riga ta marigayi kakan mai gida, saƙi ce mai aska takwas, da rawaninta, in zai iya ɗauka. An kuma ce a gaya masa riga ce ta bisa doki, ba a ɗinka ta don mai tafiya ƙasa ba.

Kabo ya ce a gaya wa mai gida, a Kano da irinta yake zuwa ɗiban ruwa. Ummaru bai isar da wannan ba, don Ɗanmaliki ya riga ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ashe marigayin ƙato ne wanda sai an taru ake ɗora shi a doki. Da ƙyar Kabo ya kai rigar gida a ka.

Daga nan sai ofishin En'e. Malam Dawuda ya daɗe yana sha'awar jakar fata irin ta Di'o, saboda haka da ganin fatu ya sauko. Ya ba da tsohon gajeren wando da safa da wani takalmi da ya matse shi tun yana Midil. Da aka zo kan keke ne ya tsaya, ya cire tabarau ya goge, ya tambayi Kabo ko ya iya hawa. Kabo ya ce shi da ke sakin hannu a Kano yana shan rake? Gaskiyar magana kuwa, kusancinsa da keke bai wuce ranar da wani ya ba shi riƙo ya shiga masallaci ba.

"Orai," in ji Malam Dawuda. "Amma ka ji, keke ba shi son riga. Gajeren wandon nan da kuke yi muna dariya ba rashin kunya ba ne, dalili gare shi."

Kabo ya ce ya san wannan tun kafin a ƙera keken.

Saura madubi. Wannan wajen Adda Hawwa'u ya nema, yayar Bube, mai sayar da nono a gindin tsamiyar kasuwa. Ta karɓi fata guda don ɗinkin layu, ta ciro masa sarƙar duwatsu da tandun kwalli da ɗan madubi mai igiya. Bube na tsaye a gefe, ƙafa ɗaya bisa gwiwa, sanda a kafaɗa. Ya ce madubin nan fa ba na duban gemu ba ne, shi saurayi ke ɗagawa a filin sharo yana kallon fuskarsa, don kowa ya shaida bulala ba ta sa ya yamutsa ta ba.

Da Kabo ya yi shiru da an rabu lafiya, amma baki shi ke yanka wuya. Ya ce sharo wasan yara ne. Su da ke wuni suna dukan fatar sa har ta yi laushi, wace bulala za a nuna musu? Ya ce shi tasa fatar ma a jeme aka haife shi da ita.

Bube ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Kaɗo. Akwai sharo a Kusada ran kasuwa. In ka shigo fili, ni zan tarbe ka."

Kabo ya ce in ya sami sukuni zai leƙo. Kafin ya kai gida ya manta ya faɗa, don irin wannan magana yakan zuba ta da yawa kafin azahar.

Jaji ya ga igiyar shanya ta yi giɓi, ya ga tulin kaya a ɗakin ɗansa, bai yi faɗa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda ya saba da a ja baya in ya shigo taro har ya daina lura. Abin da ya ce kawai shi ne kayan aro ba ya rufe katara. Kabo ya ce wannan karin maganar waɗanda ba su je Kano ba ne.

Ran kasuwar Kusada 'yan mata suka yi sammako suka wuce a ƙasa. Kabo kuwa hantsi ya same shi a ɗaki yana shiri. Ya yi wanka ya sake, ya juye kwalbar turare guda a jiki. Turaren bai kori warin jima ba, sulhu suka yi suka fito tare. Ya sa gajeren wando da safa, ya tura ƙafa cikin takalmi da taimakon man gyaɗa. Da ya zuba riga sai ta rufe wandon da safar da takalmin gaba ɗaya, har ta yi saura a ƙasa. To ina amfanin boko in ba a gan shi ba? Sai ya tattare gaban rigar ya ɗaure a ƙugu da igiya, ya bar bayan yana share ƙasa. Rawani kuwa bai taɓa naɗawa ba, ya yi ta kewaya shi a ka har ya zama kamar ƙunshin wanki. Ya rambaɗa kwalli, ya rataya duwatsu da madubi, ya jawo keke ya fito.

Karen gidansu, wanda ya san shi tun yana kwikwiyo, ya yi haushi ya shige ƙarƙashin rumbu. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Mairama, ta leƙo ta kan danga ta yi salati, ta tambaya ko tashe aka fara ba a gaya mata an ga watan azumi ba. A bakin masallaci wani dattijo ya hango riga da rawani tafe, ya zube ƙasa yana ranka shi daɗe. Da ya ɗago ya ga safa, ya ƙara ɗagowa ya ga fuska, sai ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ɗan Jaji ne? Maido mani gaisuwata, ja'iri."

Kabo ya ce gaisuwa ba a maido ta, sai dai ya riƙe masa ita ajiya. Ya kaɗa ƙararrawa ya wuce.

Cikin gari dai tura keken ya yi, yana cewa manya ba sa hawa a gaban na ƙasa da su. Da ya fita gari ma ya ci gaba da turawa. Samarin gona na wuce shi a kan jakuna, suna tambaya ko keken ba shi da lafiya ne. Wani ma ya ce a ɗora su duka biyu a jaki, shi da keken, a rage musu hanya. Kabo ya ce hutar da shi yake yi, don in ya tashi tafiya kafin su ƙifta ido ya wuce su. Rana ta take, rigar marigayi ta jiƙe ta ƙara nauyi, takalmin Malam Dawuda ya kama yatsunsa yana gasawa. Kowane taku sai ya ji kamar ya zauna ya yi kuka, amma da ya tuna muryar Rahamatu tana kiran Kabo a tsakiyar fili sai ya cije ya ƙara gaba.

Wajen azahar ya iso wani tudu da ake hango kasuwar Kusada daga kansa, hanya ta gangara sambal har cikin rumfuna. Nan fa ya ga ba makawa, don wanda ya shiga Kusada yana tura keke ai ɗan dako ne. Ya jingina keken da wani suri, ya hau surin, ya yi bisimilla ya ɗare.

Abin mamaki, keken ya tafi. Gangara ce, ba ta neman gwani. Iska ta cika riga fam, Kabo ya ji duniya sabuwa, har ya shiga kaɗa ƙararrawa yana cewa a ransa ashe ƙaryar da ya yi ma gaskiya ce. Sai a tsakiyar gangara ya tuna bai tambayi Malam Dawuda yadda ake tsayawa ba. Ya ja kan keken yana ce masa ya isa haka, kamar mai lallashin jaki, amma keke bai ji Hausa ba.

Nan ne bayan rigar, wanda ke ta share hanya tun daga Kankiya, ya gamu da ƙafar keke ta baya. Ƙafa ta cafki bakin riga ta fara naɗewa, tana ci tana neman ƙari, saƙin marigayi na shigewa cikin wayoyi. Wuyan riga ya shaƙe Kabo yana jan shi baya, rawani ya kwance rabinsa ya bi iska. Keke ya bar hanya don kansa, ya nufi wata masussuka a gefen kasuwa inda mata ke shiƙar gero, ya zuba shi da ka cikin tulin ƙaiƙayi.

Wanda ya san ƙaiƙayin gero a jikin da ya jiƙe da gumi ba sai an yi masa bayani ba. Kabo ya yi ta mutsu-mutsu. Riga ta ƙi fita daga keke, keke ya ƙi fita daga riga, dole shi ya fita ya bar su, ya zame ta wuya kamar maciji mai saɓa. Ya miƙe ba komai daga cibiya zuwa sama sai duwatsu da madubi, ga gajeren wando, ga safa, ga takalmi ƙafa ɗaya, ga ragowar rawani rataye a kunne. Matan masussuka suka ajiye faya-fayai suna riƙe ciki. Ɗaya ta tambaye shi daga wace ƙasa aka jeho shi. Ya ce, yana susa hannu bibbiyu, haka ake sauka a Kano, su dai su kula masa da kaya.

Da mai hankali ne, da daga nan ya juya gida. Amma Kabo ya jiyo kiɗa da guɗa daga bayan rumfuna, zuciyarsa ta ce masa dandalin kalankuwa ke nan, Rahamatu na can tana jiran suna. Ya lallashi kansa cewa ba a yi asara duka ba, tunda ƙasa boko ne, sama Fulani, ga kuma ɗan abin sarauta a ka. Fuska ce kawai ke son gyara. Kwalli ya narke da gumi ya haɗu da ƙaiƙayi ya cika masa ido, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa. Ya bi kiɗa yana ɗingishi, ya kutsa cikin taro.

Taro ya dare masa nan da nan. Tun da aka haife shi mutane ke ba shi hanya, amma kullum da hannu a hanci, yau kuwa da sowa suka buɗe. Wannan ya yi masa daɗi har cikin rai. Ya isa tsakiyar fili inda ba cunkoso, ya tsaya ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga madubi sama da hannun dama don ya sami haske, ya kai hagu bisa ka yana gyara rawani. Ya ga ɗan abin da ya iya gani na fuskarsa, ya yi mata murmushi.

To ai shi ke nan. Ƙirji a buɗe, hannuwa a sama, madubi a gaban ido, murmushi a baki, ko Bafulatanin da aka haifa a filin sharo iyakar tsayuwar da zai yi ke nan. Don kuwa filin sharo ne, ba na kalankuwa ba. Kalankuwar sai la'asar, 'yan matan Kankiya ma kallo suka zo kafin lokacinsu ya yi, Rahamatu na sahun gaba. Makaɗa suka ƙara wuta. Bube, da ke gefe yana lanƙwasa tsumagiyar tsamiya, ya ce, "Aradu Kaɗo ya cika alkawari." Ya shigo fili da rawa.

Bisa al'ada mai duka ba ya duka nan take. Sai ya kewaya, ya ɗaga bulala ya kawo kamar zai sauke, ya fasa, don a gwada zuciyar mai tsayuwa. Bube ya kawo ya fasa, iskar tsumagiya ta shafi haƙarƙarin Kabo, Kabo bai motsa ba. Ya sake kawowa, Kabo ko gezau. Fulani suka fara duban juna. Shi kuwa gogan, da ya ji iska mai sanyi na bin jikinsa da ke ƙaiƙayi, ya ɗauka fifita ake masa irin ta zauren Ɗanmaliki. Bai ko sauke madubi ba ya ce, "Yawwa, Allah shi yi maka albarka. Ƙara ta wajen hagu."

Bube ya ƙara ta wajen hagu.

Ƙarar ta kai har rumfar mahauta. Tsumagiya ta naɗo shi daga baya ta zagayo ƙirji, ta bar layi kamar an ja da wuta. Numfashin Kabo ya ɗauke cak. Bai yi kuka ba don babu iskar yin kukan, bai sauke hannu ba don jikin ya sandare, murmushin ma ya daskare inda yake. Fili ya ɗauki sowa. 'Yan matan Fulani na guɗa, tsofaffi na jinjina sanda, ana cewa ba a taɓa ganin Kaɗo irin wannan ba. Ƙwalla ta wanke masa ido, ya ga inda yake, ya ga Bube, ya kuma ga Rahamatu ta dafe ƙirji bakinta na motsi, alamar waƙa ta fara zo mata. Wallahi a wannan lokaci abin da ya zo nema yana tafin hannunsa. Da ya ƙara daurewa kaɗan, da an yi wa ɗan majema waƙar da ba a yi wa jikan hakimi ba.

Sai dattijon da ke kula da fili ya ɗaga murya ya ce a gyara, saura biyu.

Daidai nan numfashi ya dawo, ya kuwa dawo da kayansa. Kabo ya kurma ihu yana kiran Baba, ya yi jifa da madubi, ya keta taro ta inda ba hanya. Ya tsallake ƙoren nono, ya bi ta kan tabarmar mai barkono, takalmin da ya rage ya maƙale a taɓon bakin rijiya bai ko waiwaye shi ba. Samarin jakunan da suka yi masa ba'a da safe, waɗanda suka kama hanyar gida da wuri, sun ba da shaida cewa wannan karon gaskiya ya faɗa, kafin su ƙifta ido ya wuce su.

Sauran labarin a bakin mutane ya iso Kankiya. An ce sai da aka sa wuƙa kafin a raba rigar marigayi da keken Malam Dawuda, kowanne ya tafi da rabon ɗan'uwansa. An ce Malam Dawuda, da ya biyo motar gyaɗa don kallon kalankuwa, ya tsaya a kan kekensa yana ta Turanci shi kaɗai har matan masussuka suka ɗauka addu'a yake, suna cewa amin. Ɗanmaliki bai ce komai ba, amma Ummaru ya zo har bakin kududdufi, ya tsaya daga nesa, ya ce an ce jajayen fatu su yi ta zuwa gidan hakimi har rani ya fita. Bube kuma ya aiko da gaisuwa, ya ce biyun nan ya ajiye masa, ba sa lalacewa.

Washegari da la'asar Kabo na kwance a gefen dama cikin rumfar jima. Jaji ya daka bagaruwa, wadda da ita suke jima da ita kuma suke maganin rauni, yana barbaɗa masa. Ya duba layin bulalar da idon sana'a, ya ce fata ce mai kyau amma an ɓata ta, ko a kantin Kano ba za su saya ba. Kabo kuwa rabonsa da magana tun Kusada, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya yi baki.

Sai ga muryoyi daga hanyar rijiya, 'yan mata ne da tuluna a ka, Rahamatu na bayarwa suna amsawa:

Kabo ɗan majema, Kabo na Jaji,
Rigar sarauta keke ya cinye,
Takalmin boko taɓo ya riƙe,
Madubin Fulani ƙasa ta ɗauke,
Ɗan majema tsaya, saura biyu.

Ita ce waƙar bana, ita ce kuma wadda har Bature ya tattara ya bar ƙasar mata ba su daina daka da ita ba. Kabo ya runtse ido. Ga suna ya shiga waƙa kamar yadda ya roƙa. Amma abin da ya sha wahalar nan duka don ya binne, shi ne a gaba, manne da sunan, shi ne kuma a ƙarshe.

"Baba, ta ce ɗan majema," ya faɗa da ƙaramar murya.

Jaji ya ci gaba da barbaɗa magani. Can ya ce, "Na jiya. Riga ta ce ta sarauta ce, takalmi na boko, madubi na Hillani. Duk cikin waƙar nan abu guda ta ce naka ne, shi kuwa ba mai aikowa a amsa." Sannan ya ƙara da cewa a garin nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, bai taɓa jin an kira Jaji a waƙa ba sai yau.

Kabo ya buɗe ido ya dubi tsohon. Ya ga yana kaɗa kai a hankali, leɓɓansa na bin amshi, fuskarsa ta saki irin sakin da bai taɓa gani ba. Kunya ta kama shi, wadda ta fi ta Kusada zafi, don sai yanzu ya gane wanda ya yi ta ƙoƙarin rufewa da rigar aro. Ya kasa kunne har waƙar ta sake zagayowa. Amma hali zanen dutse ne, da ta zo ƙarshe sai ya ɗan ɗago kai.

"Ka lura kuwa, Baba, sau biyu ta kira sunana? Ɗanmaliki sau guda aka kira shi. Ai ko a Kano..."

Jaji ya dumbuzi bagaruwa ya danna a kan raunin, zancen Kano ya tsaya nan.